Sojojin Sikotlan da siket a ramukan yaƙi, jarumta ce ko wahalar banza?

Abban Sadiq: Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masana tarihi ku taimaka min, hotunan yaƙin duniya na farko nake dubawa sai na ga wasu ƙartin Turawa da bindiga da hular kwano amma ƙasa ba wando, siket ne iya gwiwa ga laka har ƙwauri. An rubuta wai sojojin Sikotlan ne a Faransa 1916. Da gaske a haka suke shiga fagen daga ko dai kwalliyar ɗaukar hoto ce? don ni hankalina ya ƙi ɗauka, ƙasar da ruwa ke daskarewa mutum ya fita ba wando

Ɗan Fagge: hhhh wlh ni ma na daɗe ina mamaki, namiji har namiji da gashin baki ya ɗaura fatari wai zai je yaƙi

Maman Ilham: Kai Ɗan Fagge ka iya bakinka. mazan Yaman da Indunusiya ba zane suke ɗaurawa ba? kai ma ranar da Allah ya kira ka Makka me za ka ɗaura

Ɗan Fagge: Anti ai harami ibada ce ba yaƙi ba

Malam Na Tarihi: Wa alaikumus salam. Da gaske ne Abban Sadiq, da shi suka yi yaƙin tun 1914 har 1918, kilt suke ce masa. Amma ba kowane sojan Sikotlan ke sa shi ba, na yankin tsaunukan arewa ne, rundunoni biyar, Black Watch da Gordon da Seaforth da Cameron sai Argyll and Sutherland. Na kudancin ƙasar irin su Royal Scots wando suke sawa. Sai wasu bataliyoyin Kanada da ɗaya ta Afirka ta Kudu da kuma 'yan asalin Sikotlan mazauna Landan da Liverpool da suka kafa nasu. Abin da zai ba ku mamaki gwamnatin Birtaniya da kanta ta taɓa haramta kayan nan. Bayan ta murƙushe tawayen mutanen tsaunin a Culloden a 1746 ta kafa doka, wanda aka kama da shi wata 6 a gidan yari, in ya sake a kore shi ƙetare shekara 7. Wanda kawai aka ɗauke wa shi ne wanda ya shiga sojan sarki. Sai 1782 aka soke dokar. Kun ga dabara ko, kayan ubanka an hana ka, in kana son sawa sai ka zo ka riƙe mana bindiga

Injiniya Bash: To Malam ai ka gama magana. Kenan talla ce ta ɗaukar soja ba wani abu ba, an yaudari talakawa da atamfa an kai su mahallaka

Malam Na Tarihi: Da farko akwai ƙamshin haka Injiniya. James Wolfe, wani hafsan Birtaniya da ya yaƙe su a Culloden, ya rubuta a wata wasiƙa cewa mutane ne masu juriya da rashin tsoro, kuma in sun mutu ba wata babbar asara ba ce. Amma kafin 1914 abin ya riga ya zama nasu, ka bi a hankali

Tela Mai Almakashi: Ku bari in shigo nan don fannina ne. Ku daina ce masa atamfa ko fatari, abin nan yadi 7 zuwa 8 ne na ulu mai kauri, gaba shafe yake falle biyu ɗaya kan ɗaya, duk sauran yadin a baya aka tattare shi tattara kan tattara an ɗinke daga ƙugu zuwa kwankwaso sannan a sake shi. Yanzu ku lissafa, wando yadi nawa yake ci? Wannan a ƙugu da ciki ya fi wando ɗumi nesa ba kusa ba, matsalar daga gwiwa ne. Kuma ulu akwai shan ruwa, yadi 8 ya jiƙe ya kwashi laka a cikin kowace tattara ai kaya ka ɗauka a ƙugunka, ga bindiga ga harsashi ga jaka a baya

Abban Sadiq: Oga tela to kalar fa? wanda na gani kamar kaki ne ba mai layi-layin nan ba

Tela Mai Almakashi: Wancan rufi ne ake ɗaurawa a kai, na kaki da aljihu a gaba, ainihin mai launin yana ciki. Malam ya fi ni sanin dalili

Malam Na Tarihi: Dalilin daga Afirka ta Kudu ne, yaƙin Boer 1899 zuwa 1902. Mutanen can maharba ne, launi mai duhu a fili ai ka nuna musu kanka. Sai aka fara ba su ɗan kyallen kaki amma gaba kawai yake rufewa, to da zarar soja ya kwanta rub da ciki bayansa a buɗe. A Magersfontein, Disamba 1899, birged ɗin tsaunin ta faɗa tarko da asuba, aka kashe janar ɗinsu Wauchope, sauran suka yini kwance cikin rana ba halin ɗaga kai, bayan gwiwoyinsu duk ya ƙone ya yi bororo. Zuwa yaƙin duniya rufin ya zama mai zagaye jiki gaba ɗaya. Ita ma jakar gashin nan da suke ratayawa a gaba wajen fareti ba a shiga rami da ita, aljihun rufin ne ya maye gurbinta

Sista Rabi: Ni abin da ya fi tsaya min a rai kwarkwata ce. Kowa a ramukan nan yana da ita, Bature da Bajamushe da Bafaranshe, amma ita kwarkwatar jiki a ɗinkin tufa take zama ta yi ƙwai, tana fitowa ne kawai ta sha jini ta koma. To kaya mai tattara sama da ashirin ai gida aka gina mata. In an samu sarari sai su zazzauna a tuɓe kayan ana bin kowace tattara da wutar kyandir ko ta sigari ana jin ƙwan yana fashewa, kwana biyu waɗanda suka tsira su ƙyanƙyashe a koma gidan jiya. Kuma ba ƙaiƙayi kaɗai ba ne, ita ke yaɗa zazzaɓin nan da aka sa wa suna zazzaɓin rami, ciwon kai da ciwon ƙashin ƙwauri ya tafi ya dawo, sai a 1918 likitoci suka tabbatar kwarkwata ce ke kawo shi

Maman Ilham: Innalillahi, jikina har ya fara ƙaiƙayi Sista

Ɗan Fagge: to me ya hana su wankewa da ruwan zafi su bi da dutsen guga

Baba Samanja: Yaro a ina? Rami ne fa mai zurfin da ya wuce tsayin mutum, ruwan da za ka sha ma a galan ɗin fetur ake kawo shi da daddare yana warin mai. Bari in faɗa muku yadda yini yake a wurin. Kafin gari ya waye kowa ya miƙe ya hau matakala da bindiga da banati, don lokacin ne abokin gaba ya fi kawo hari. Gari ya waye a raba musu 'yar giya a cokali, a dafa shayi, a goge bindiga hafsa ya duba, a duba ƙafafu. Da rana ba mai ɗaga kai, wanda ba ya gadi ya ɗan runtsa ko ya rubuta wasiƙa. Magariba a sake miƙewa. Dare shi ne lokacin aiki, gyaran waya mai ƙaya, cika buhun ƙasa, ɗauko abinci da harsashi daga baya, sintiri. Abincin kuwa naman gwangwani da biskit mai taurin da sai an jiƙa, da wata miyar gwangwani ta Maconochie da in ba a ɗumama ba kitse ne daskararre. Albashin farabiti sule ɗaya a rana. Sai an yi 'yan kwanaki a gaba sannan a canje ku ku koma baya, can ne za a ga wanka

Abban Sadiq: Allah ya ƙara lafiya Baba. duba ƙafa kuma na mene ne

Baba Samanja: Ƙafa in ta daɗe cikin ruwan sanyi a takalmi ruɓewa take, ta kumbura ta mutu har a yanke. Shi ya sa ake haɗa su biyu-biyu kowa ya shafa wa ɗan'uwansa man kifin nan whale ya tabbatar ya canja safa, in ƙafar yaro ta lalace hafsansa za a tuhuma

Injiniya Bash: Duk wannan yana ƙara tabbatar da maganata. Ga sanyi ga kwarkwata ga waya mai ƙaya da dole ta kama yadi 8 in ka zo tsallakewa. Na karanta cewa lokacin hunturu bakin kayan in ya jiƙe daskarewa yake ya yi ta yankar bayan gwiwa suna tafiya har jini. Wane mai hankali ne zai ce wannan kayan yaƙi ne? Manya suna ofis da wando suna jin daɗin kallon fareti yaran mutane na shan azaba

Tela Mai Almakashi: Injiniya maganar yankan gaskiya ce amma ka faɗi ɗaya ka bar ɗaya. In ramin ya cika da ruwa mai kilt tattare abinsa yake ya ɗaga sama ya ratsa, ya fito ya goge ƙafa ya sake shi a bushe. Mai wando da naɗin ƙwauri fa? a jiƙe zai kwana ya tashi a jiƙe. Kuma da dare a kwance shi a lulluɓa

Malam Na Tarihi: Kuma zancen manya na ofis bai cika daidai ba. Masu hawa doki da direbobin keken kaya su ne ke sa wando, amma ƙananan hafsoshi masu jan yara zuwa gaba kilt ɗin suke sawa, kuma su suka fi mutuwa in aka kwatanta da yawansu. Hunturun 1916 zuwa 1917 ya yi tsanani sosai, wasu bataliyoyin an raba musu wando na ɗan lokaci, sanyi na wucewa suka koma kayansu

Sista Rabi: Ni dai ina bayan Injiniya a wuri ɗaya, iskar guba. Wadda aka fara amfani da ita a 1915 huhu take kamawa, in kana da abin rufe fuska ka tsira. Amma a Yulin 1917 Jamusawa suka kawo mustard a wajen Ypres, ita wannan fata take ci, ruwa-ruwa ce tana kwanciya a ƙasa da cikin ramukan da igwa ta haƙa ta yi kwanaki, kuma ta fi kama inda ke da gumi, hammata da matsematsi da bayan gwiwa. Ba a jin komai nan take sai bayan awoyi fata ta tashi. Ko mai wando ba ta bari ba balle wanda cinyarsa ke waje ya zauna a ƙasar da ta zuba

Ɗan Fagge: tunda Sista ta kai mu wajen bari in yi tambayar da kowa ke jin kunya, wai da gaske ba sa sa komai a ciki?

Maman Ilham: Ɗan Fagge!! akwai manya a nan fa

Baba Samanja: Ƙyale shi 'yata, tambayar bariki ce. Al'adar rundunonin ke nan ba a sa kamfai, har tsofaffinsu na ba da labarin saje mai duba yara da madubi a ƙofar bariki kafin su fita gari. Masu rawa da masu wasannin tsalle su an yarda su sa

Ɗan Fagge: hhhhh madubi, Allah ya raba mu da aikin saje

Alhaji Zango Kumasi: Salamu alaikum, ina ta karantawa. Ku sani mu nan mun san Black Watch tun kafin yaƙin duniya. Suna cikin rundunar Wolseley da ta yaƙi Asante zamanin Kofi Karikari, su ne a gaba a Amoaful 31 ga Janairu 1874, kwana huɗu bayan nan aka shiga Kumasi, daga baya aka ƙone ta. Kuma masu harba ƙananan igwa a yaƙin Hausawa ne. Abin da ya sa na kawo zancen, a wannan tafiyar ba su sa kilt ba, kaya masu ruwan toka aka ɗinka wa kowa saboda kurmi da zafi, jan gashin nan na hularsu kawai suka riƙe. Kenan tun lokacin an san akwai inda kayan ba ya aiki

Injiniya Bash: Yawwa Alhaji na gode. An sani ke nan aka ƙi

Ɗan Mai Wurno: Mu kuma a Sudan da shi suka zo. Cameron da Seaforth suna cikin rundunar Kitchener a Atbara, Afrilun 1898, da Karari kusa da Omdurman 2 ga Satumba na shekarar. Ansar, mabiya Mahadi, sama da 10,000 suka kwanta a safiya ɗaya, ɓangaren Kitchener ba su kai 50 ba. Ina jin tausayin yaron da kwarkwata ta ci a Faransa amma in ana yabon kyan kayan nan da algaitarsu a tuna akwai waɗanda suka gan shi ta bakin bindiga

Malam Na Tarihi: Wannan gaskiya ne ɗan'uwa, kuma abin takaicin jikokin waɗanda aka murƙushe a Culloden ne aka je aka murƙushe wasu da su

Abban Sadiq: Malam an ambaci algaita, ita ma har cikin ramin?

Malam Na Tarihi: Har ciki, algaita ce mai salka da ake matsewa a hammata. A Loos 25 ga Satumba 1915 Birtaniya ta saki tata iskar gubar sai iska ta juyo da ita kan mutanenta, yaran wata bataliya ta King's Own Scottish Borderers suka ruɗe suka kasa fita, sai mabushinsu Daniel Laidlaw ya haye bakin ramin yana kai da komo yana busa har suka fito, aka ji masa rauni bai daina ba, ya samu Victoria Cross, babbar lambar yabon jarumta ta Birtaniya. Ita rundunarsa ma ta masu wando ce, mabusa ne kawai ke sa kilt a cikinta. Akwai kuma James Richardson na bataliyar Kanada ta 16 a Somme, Oktoban 1916, ɗan shekara 20, shi ma ya yi irin haka a gaban waya, daga baya ya koma ɗauko algaitarsa da ya bari ba a sake ganinsa ba

Baba Samanja: Injiniya ɗana a nan nake so ka tsaya. Kai lissafin yadi da sanyi kake, kuma lissafinka daidai ne. Amma ka taɓa ganin an tara yara an ce su fita daga inda suke a ɓoye su nufi bindiga mai jigida? Ba albashin sule ɗaya ke fitar da su ba. Yaran nan yawanci 'yan gari ɗaya ne, Gordon daga wajen Aberdeen, Black Watch daga Perth da Dundee da Fife, Cameron daga Inverness, wanda ke gefenka ya san gidanku ya san uwarka. Kayan nan shi ke cewa ku waye, daga nesa an san ku, in kun gudu ma an san su wa suka gudu. Mu ma iyayenmu na rundunar Afirka ta Yamma da gajeren wando da jar dara aka san su, ka je ka taɓa wa tsohon soja hularsa ka gani

Injiniya Bash: Baba na ji kuma ina girmama maganarka, amma sauran rundunonin Ingila masu wando ai su ma sun fita sun yi yaƙin, ba su gudu don ba siket ba. Kuma illar garin ɗaya ita ce rana ɗaya a shafe samarin unguwa guda

Baba Samanja: Wannan ta biyun ba ni da amsarta. Dundee ta gani a Loos, samarinta da yawa suka mutu a can

Maman Ilham: Allah sarki iyaye mata. to yaushe aka daina?

Malam Na Tarihi: Farkon yaƙin duniya na biyu Hajiya. Ma'aikatar yaƙi ta ce a ajiye shi, babban dalilin tsoron iskar gubar da Sista ta faɗa, ga tsada da wahalar ɗinka wa dubban mutane. To Injiniya ka ji wanda ya yi bore, ba 'yan ofis ba, sojojin ne. Bataliya ta 5 ta Gordon har fareti suka yi suka ƙone kilt ɗaya a fili don nuna ɓacin rai kafin su tafi Faransa a 1940. Ta 1 ta Cameron kuwa ba su ajiye ba, da shi suka yi yaƙi a Mayun 1940 lokacin ja da baya zuwa Dunkirk, su ake lissafawa bataliya ta ƙarshe da ta shiga yaƙi da shi. Bayan nan sai ɗaiɗaiku, wasu kwamandoji a harin St Nazaire ta Faransa 1942, sai Bill Millin mabushin Lord Lovat shugaban kwamandoji, da ya sauka gaɓar Normandy ta Faransa 6 ga Yuni 1944 da kilt ɗin da mahaifinsa ya sa a yaƙin farko yana busa ana harbi. Shi da bakinsa ya ce fursunonin Jamus sun gaya masa sun ƙyale shi ne don sun ɗauka mahaukaci ne

Ɗan Fagge: ai ba su yi ƙarya ba hhh

Injiniya Bash: Don mutum ya so abin da ke cutar da shi ba ya mayar da abin mai amfani. Masu shan sigari ma in ka ƙwace za su yi bore

Tela Mai Almakashi: Kai Injiniya ba ka saukowa

Alhaji Zango Kumasi: A Bama ma an haɗu ai, 1944 cikin rundunar Chindit ta Birtaniya mai yaƙar Japan a daji akwai bataliya ta 2 ta Black Watch akwai kuma bataliyoyi uku na Najeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12. Can kowa koren kaki da hular daji, ba siket ba jar dara

Abban Sadiq: Na gode ƙwarai jama'a. Saura tambaya ɗaya, Baba ya ce sai an koma baya ake ganin wanka, to shi kayan ya ake yi da shi, ana ba su sabo ne?

Baba Samanja: Riga da safa ake canja musu. Wankan ma a manyan randunan kamfanonin giya na Faransa da Beljiyam da aka mayar gidan wanka ake yi, mutum goma ko fiye a ruwa ɗaya

Sista Rabi: Kayan sama kuma a tura su injin tururi ya kashe kwarkwatar, sai dai ƙwan ba duka ke mutuwa ba, ga bargo da ciyawar shimfiɗa duk akwai ta

Tela Mai Almakashi: Kuma kilt ba a jiƙa shi a cuɗa irin wankin riga, ulu in ya sha ruwan zafi tsukewa yake tattarar ta watse. Shanya shi ake lakar ta bushe a kankare da wuƙa a bi da buroshi, in an samu dutsen guga a bi tattarar ɗaya bayan ɗaya, wanda bai samu ba ya jera ta da hannu ya shimfiɗa ƙarƙashin bargo ya kwana a kai